Ranar da Baba Ya Sa Hular Samari

Tsibirin Taquile, watan Yuni

Zuwa ga Yayata Eusebia,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike wa aiki a Arequipa. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya zo da wuri bana, har ruwan tulu yana kwana da ƙanƙara a baki. Dankali ya yi kyau, mun shanya rabi. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Tarin Baba ya yi sauƙi, amma rawar hannunsa tana nan yadda kika bar ta, ko ma ta ƙaru.

Yaya, akwai abin da na gani ranar Talata da safe, na rasa wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Jirgin farko ya zo da baƙi masu yawon buɗe ido, ni kuma na ɗauko buhun shinkafar gidan abinci daga bakin ruwa. Kin san matakalar nan, mai kaya ba ya ɗaga kai sai ya kai sama. Ina shigowa dandali sai na ji dariya, irin ta baƙi, mai tashi gaba ɗaya kamar an watsa wa kaji tsaba. Sun yi da'ira. A tsakiya ɗan jagoran nan ne na Puno mai jar riga, wanda muke ce wa Aku saboda bakinsa ba ya hutawa. Kusa da shi wani ne tsaye da hular samari mai farin sama, jelarta a kafaɗa. Na ce a raina, wane saurayi ne wannan mai doro? Sai ya juyo.

Baba ne.

Jar hularsa ta masu aure, irin wadda bai taɓa fita babu ita ba tun ranar da ya auri Inna, tana hannun Aku. Yana ɗaga ta yana yi musu bayani, wannan ta mai mata, waccan ta mai nema. Sai ya tambaye su wace ce take son miji. Wata doguwa da rana ta ƙona wa hanci ta fito, ta saƙala hannunta cikin na Baba, ta sumbace shi a kumatu. Aka yi ta ɗaukar hoto. Kuma Baba yana dariya, Yaya. Baki buɗe, duk giɓin a waje. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin jinyar Inna.

Matan da ke kaɗi a gindin coci suka ja baƙin mayafinsu suka rufe fuska. Maza kuwa kowa ya sunkuya kan saƙarsa, sai ki ce ranar aka fara koya musu. Ni ga buhu a baya, ban iya saukewa ba, ban iya wucewa ba.

Akwai sauran abin da ya faru bayan wannan, amma hannuna ya ƙi rubuta shi yau.

Yanzu yara Ango suke kiransa. Ni kuma in na wuce sai su ce ga abokin ango nan. Jiya har Kyaftin Zenón, da girmansa, ya tambaye ni ko a jirginsa za a kai amarya ko sai an nemo na sama. Na yi dariya don ba ni da yadda zan yi. Shi kuwa Baba, da jirgi ya yi ƙaho sai ya wanke fuska ya nufi dandali. Ban yi masa magana ba. Da wane baki?

Kin san mu nan ba a tambayar mutum ko shi wane ne, kansa ake kallo. Ban san abin da mutane suke karantawa a kan Baba yanzu ba.

Zan ba Kyaftin wannan ya jefa miki a gidan waya in ya je Puno.

Ƙanenki,
Sabino

*

Arequipa, watan Yuli

Sabino,

Na samu takardarka, na gode Allah da kuna lafiya. Ni ma lafiya, ban da ƙafa da take kumbura saboda tsayuwar kicin. Ga maganin tari nan na aiko wa Baba, kodayake mai ƙarfin neman aure ban ga abin da zai yi da magani ba.

Na karanta, na sake karantawa. Ka yi ta kewaye-kewaye yadda ka saba tun kana ƙarami, in ka fasa tukunya sai ka fara ba da labarin iska. Amma na gane. Baba ya cire hular aure ya sa ta samari a gaban gari, sannan ka ce akwai sauran abin da hannunka ya ƙi rubutawa. To ni nawa hannun bai ƙi ba. Mata yake nema. Wace ce? Baƙuwar dai na san ta bi jirgin yamma. Akwai wata a gari, in ba haka ba ba za ka ɓoye mini ba. Bazawarar nan ce ta gangaren arewa, ko? Tun ranar jana'iza na ga yadda take cika masa kwano.

Ko ciyawa ba ta gama rufe kabarin Inna ba.

Kai ba za ka tuna ba, kana goye. Lokacin da ɗamarar auren Baba ta mutu, Inna ta sake yanke gashinta don ta saƙa masa wata. Ni na riƙe mata kitson tana yankewa. Har da furfura a ciki, ta ce a bar su, ya san da wa ya tsufa. Wannan ɗamarar ce a ƙugunsa ranar da wata take sumbatar sa a dandali?

Ka karanta masa wannan, kada ka tsallake ko kalma ɗaya. Baba, mutumin da ya nuna wa gari ba shi da mata, ba shi da hurumin ɗaura gashin Inna. In hular samari kake so, ka kwance ɗamarar ka aiko mini. Ni ina da inda zan ajiye uwata.

Kuma dukanku da laifinku, har kai da ka tsaya da buhu kana kallo. Matar gidan nan tana da kalanda a falo mai hoton tsibirinmu. In ta yi baƙi sai ta kira ni daga kicin ta ce ga ɗaya daga cikinsu. Na ɗauka a nan kaɗai ake nuna mu. Ashe can ku da kanku kuke hawa teburi.

Yayarka,
Eusebia

*

Arequipa, ƙarshen Agusta

Sabino,

Ina fatan kuna lafiya, don ni ba lafiya ba. Shiru ya yi yawa.

Kyaftin Zenón ya shigo gari sayen kayan inji, ya biyo ya ba ni ƙunshi. Na buɗe a bayan kicin. Ɗamarar ce, a naɗe yadda Inna take naɗe ta. Babu takarda, ko layi ɗaya. Tana ƙamshin hayaƙin gidanmu. Inda Baba ya saba ɗaurewa ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa.

Na tambayi Kyaftin ko an sa rana. Ya kalle ni kamar na yi masa yaren baƙi, ya ce wace rana? Na ce ta auren Baba. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce Baba ko dandali ba ya zuwa yanzu, kuma in ina son sanin sauran in tambaye ka, don magana taka ce ba tasa ba.

Wace magana ce taka? Me na yi, Sabino? Ka rubuto ko da zagina za ka yi.

Eusebia

*

Tsibirin Taquile, watan Satumba

Zuwa ga Yayata Eusebia,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ƙafa. Ki riƙa ɗora ta kan buhu in kin kwanta. Mu nan da sauƙi. Iska ta ɗauke kwano ɗaya a rufin ɗakin girki, na mayar. Maganin ya zo, Baba yana sha.

Ba zan zage ki ba. Rabin magana na ba ki, kika cika sauran da abin da kika samu. Babu bazawara, babu kowa. Ga abin da hannuna ya ƙi rubutawa.

Hular da Baba ya sa tawa ce.

Ban taɓa gaya miki ba, ina son Fermina, 'yar Baffa Anacleto, wadda kika bari tana kiwo da majina a hanci. Ta girma. Tun daminar bara nake saƙa hular da zan kai gaban babanta. Na sa ƙananan tsinkayen nan na wayar keke da Baba ya ba ni, ina tafe ina yi, ina kiwo ina yi, in layi ya yi sako-sako in warware. A bakinta na fitar da tsuntsaye biyu irin na ɗamarar Fermina. Da na gama na ajiye ta a akwatin Inna, ina jiran a gama shanyar dankali in je Baffa Anacleto ya zuba mata ruwa, in ta ɗiga ya kore ni in ƙara koyo, in ta riƙe a yi magana.

To ranar, bayan sumbar, Aku ya zare hular daga kan Baba, ya karɓi gorar roba a hannun wani baƙo, ya juye ruwan a ciki ya ɗaga sama. Ya ce haka ake gwada siriki a nan. Suka yi ta ƙirga da yarensu suna tafi. Ruwan da mutum ɗaya ya kamata ya zuba a tsakar gidansa, shi aka zuba a dandali da ragowar abin da wani ya sha.

Kuma ranar Baffa Anacleto ne yake tsaron shagon gari. Yana bakin ƙofa. Kin san kowa ya san hannun kowa a saƙa, balle ga tsuntsayen 'yarsa.

Ran Lahadi bayan coci, maza suna gaisawa, kowa yana zuba wa ɗan'uwansa ganyen koka na taunawa a jaka. Baba ya buɗe tasa. Baffa Anacleto ya zo daidai shi, ya ce yadda kowa zai ji, "Jakar dattawa ba ta gaisawa da ta samari, Leoncio. Je ka nemi sa'anninka." Ya wuce. Baba ya daɗe da jakar a buɗe kafin ya tuna ya rufe.

Na haɗu da Fermina a hanyar rijiya. Ta ce ashe hularta har ta yi yawon duniya ita ba ta taɓa ta ba. Ta yi kamar wasa take, amma idonta ya yi ja. Ta ce babanta ya rantse ba zai zuba ruwa inda baƙi suka riga shi ba, kuma ɗan Huatta mai gidan abinci ya fara aiko musu da kifi.

Ana cikin haka takardarki ta zo. Na karanta wa Baba gaisuwa da maganar magani na naɗe. Ya ce Eusebia ba ta rubuta gajeriyar takarda, in karanta inda na tsallake. Na karanta. Ya miƙe, ya kwance ɗamarar, ya naɗe, ya miƙo mini. Tun daga ranar nan, da igiyar tumaki yake ɗaure ƙugu, kuma kin san ɗamarar ce take riƙe masa baya. Yanzu ko tulu ba ya iya ɗagawa.

Sai a lokacin na iya tambayarsa dalili. Ya nuna mini hannuwansa. Ya ce tun yana ɗan yaro bai taɓa zama cikin maza hannu wofi ba, sai yanzu da tsinkaye suke zubewa. Ya ce in ya zauna a dandali kowa yana saƙa, hira ta kan kansa take wucewa kamar dutse ne. In ya dawo gida kuma babu Inna. Sai wata rana Aku ya tsaya ya ce masa, tsoho, fuskarka ta fi duk hulunan shagon nan kyau. Wai tun rasuwar Inna ba wanda ya kalle shi ya daɗe sai baƙi.

Na ce to hular fa? Ya ce Aku ne ya yi ƙorafi duk hular da ya ɗauko a shago ya gwada sai ta tsiyaye, har baƙi sun fara cewa labarin ƙarya ne. Shi kuma Baba ya ce masa a gidansa akwai wadda ba ta ɗiga.

"Ta riƙe, Sabino," in ji shi. "Har hannun yaron ya gaji. Ni na koya maka."

Yaya, na so in yi fushi, fushin ya ƙi tsayawa. Kunya ce kawai, kuma ban san ta wa nake ji ba.

Ba zan tsine wa baƙi ba. Kwanon rufinmu daga su ne. Injin jirgin da ya kai Inna asibiti daga su ne. Ba don suna saye ba, da rabin sa'annina sun jefar da tsinkaye sun bi ki birni. Ba su san abin da suke yi wa dariya ba, kuma mu ne ba mu gaya musu ba, don in mun gaya musu dariyar za ta mutu. Amma ki duba. Yanzu kowane gida hula iri biyu ake saƙawa, ta kai da ta shago. Ta shago sako-sako ce, ana gama ta da wuri. Cikin waɗanda suka tsiyaye a hannun Aku har da na Baffa Anacleto, kowa ya sani, ba mai faɗa. Na fara tsoron dariyarmu ma iri biyu ce.

Ga abin da na yanke. Ba zan sayi sabon ulu ba. Na fara warware hular. Zan sake saƙa ta daga farko da zarenta. Baba yake naɗe mini zaren, don wannan aikin rawar hannu ba ta hana shi. In ɗan Huatta ya riga ni, ya riga ni.

Ƙanenki,
Sabino

*

Arequipa, watan Oktoba

Ƙanena Sabino,

Ina gaishe ku. Ƙafa da sauƙi. Ga ɗamara nan na ba wata 'yar Puno da za ta damƙa wa Kyaftin hannu da hannu. Ban wanke ta ba.

Na karanta takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Kai aka yi wa ɓarna ka yi shiru, ni da ba a taɓa ni ba na tuɓe tsoho. Igiyar tumaki, Sabino. Tun da na karanta wannan nake jin ta a nawa ƙugun.

Bari in gaya maka wani abu. Ran Asabar matar gidan nan ta sake yin baƙi, ta kira ni gaban kalandar. Na goge hannu na fita. Wani ya tambaye ni ko gaskiya ne mazanmu ne suke saƙa, na ce gaskiya ne. Suka yi dariya, ni ma na yi. Har na ji daɗin an tambaye ni wani abu ban da ina shayi. Ka ga ba ni da bakin zagin kowa.

Wannan ma ka karanta masa duka. Baba, na yi magana kan abin da ban gani ba. Gashin Inna naka ne, kai ta yanke wa. Ka yafe mini.

Fermina kuwa, in ita ce yarinyar da na sani mai jifan karnuka ba ta kuskure, kifin ɗan Huatta ba zai saye ta ba. Amma kada ka yi nawa. Na san ka, kana iya shekara kana gyara tsuntsu ɗaya.

Yayarka,
Eusebia

*

Tsibirin Taquile, watan Fabrairu

Zuwa ga Yayata Eusebia,

Bayan gaisuwa, da fatan damina ta same ki lafiya. Ki yafe jinkiri, hannuna yana kan tsinkaye. Ruwa ya yi yawa, katangar gonar ƙasa ta zube, amma dankali yana fure. Baƙi sun ragu sai ɗaiɗaiku.

Ɗamara ta iso tun tuni. Na karanta masa saƙonki. Ya ce kin gaji bakin uwarki, ita ma sai ta gama yanka take neman zare. Ya ɗaura, bayansa ya miƙe.

Hular ta ci watanni. Baba ya zauna a kaina kamar ina ɗan koyo, ya ɗaga ta a rana ya ce nan haske yana wucewa, warware. Sau da yawa yana da gaskiya. Tun da muka fara bai je dandali ba, ko da Aku ya aiko nemansa.

Ran Alhamis da sassafe, kafin jirgi, muka tafi gidan Baffa Anacleto. Baba da jar hularsa da ɗamararsa. Fermina ta riga ta gaya mini babanta bai ce eh ba, amma bai saki kare ba. Muka same shi a tsakar gida yana shan shayin ganyen munya mai ƙamshi. Aka gaisa a tsaitsaye. Bai buɗe jaka ba.

Ya ce, "Ango, wa kanka ka zo nema ko wa yaron?"

Baba ya ce, "Rakiyar wanda ya fi ni ya fi ka saƙa na zo."

Na miƙa hular da hannu biyu. Ya juya cikinta waje, ya shinshina, ya ce ai zaren jiya ne. Na ce zaren ne, Baffa, amma saƙar ba wanda ya taɓa gani sai mu. Ya daɗe yana bin tsuntsayen da babban yatsa. Sannan ya ce wa matarsa, Gwaggo Saturnina, ta kawo buta.

Ya riƙe hula a hagu, buta a dama, sai ƙofar ɗakin baƙinsu ta buɗe. Ashe suna da mai kwana. Wani saurayi ne mai jan gemu, da kyamara a wuya. Yana ganin hula da buta fuskarsa ta washe, da alama ya ji labarin a jirgi. Ya durƙusa ya saita.

Yaya, da kin ga fuskar Baffa Anacleto. Mutumin ya ci abincinsa, ya kwana ƙarƙashin rufinsa, ba ya iya korar sa. Ba ya kuma iya zubawa. Ya tsaya da buta a sama. Na ga yana shirin ajiye ta, kuma na san in ya ajiye ba zai sake ɗauka ba.

Baba ya kalle ni. Sai ya buɗe baki ya yi dariyar nan, ta dandali, duk giɓin a waje. Ya jefa wa baƙon 'yan kalmomin da ya tsinta a bakin Aku. Ya cire jar hularsa ya ɗora masa a ka, ya ja da baya yana tafi kamar ya ga ango. Ya kama hannunsa yana nuna tafki, har da 'yar rawa. Mutumin ya bi shi yana ƙyalƙyala dariya. Suka fita ta ƙofar gida suka gangara, Baba kai babu komai, a hanyar da mata suke zuwa ɗibar ruwa.

Muna jin dariyar tana nisa. Ni dai ƙasa nake kallo. Da na ɗago, Baffa Anacleto ma ƙasa yake kallo.

Sannan ya zuba.

Ya cika ta har baki, ya riƙe. Ya riƙe har hannunsa ya gaji, ya sauya hannu. Gwaggo ta sa tafinta a ƙarƙashi, ta cire, ta nuna masa a bushe. Ya juye ruwan a gindin furen da ke bakin ƙofa, ya ce in turo manyana bayan girbi. Na juya zan tafi, ya kira ni, ya buɗe jakarsa ya cika mini hannu da ganye. Ya ce in kai wa wancan tsohon banzan, in ce masa ya rufe kansa, akwai sanyi.

Na sami Baba a ƙasan gonaki, zaune kan katanga, baƙon yana ta zagaya shi. Na karɓo jar hular na ɗora masa. Na zuba masa ganyen a jaka, na faɗi daga wanda suka fito. Na ce masa ta riƙe. Ya ce ai ya sani, ya riga kowa gani.

Yara sun samu sabuwar waƙa, wai Ango ya aurar da hularsa. Ina jin su, ina wucewa.

Na san halinki, za ki ce na ƙara gishiri don in kwantar miki da hankali. To in kin zo biki ki tambaya. Waɗanda suka ga an zuba ruwan su ne Baffa Anacleto da ya zuba, da Gwaggo Saturnina da ta sa hannu, da Fermina ta tsagar ƙofar ɗakin girki, kodayake za ta ce miki wuta take hurawa, sai ni. Baba ba ya cikinsu. Yana gangare a lokacin, kai babu hula, ana ɗaukar sa hoto.

Ƙanenki,
Sabino